Barkonon tsakar gidana, daga buhu zuwa turmi

Tsakar gidanmu a Ɗorayi, cikin Kano, siminti ce tun daga bakin zaure har ƙofar kicin, babu ƙasa ko ta cikin tafin hannu. Amma barkonon da muke ci a gidan nan, in ban da na hidimar suna ko biki, duk a nan yake fitowa. A buhuna nake shuka shi, tsofaffin buhunan shinkafa da na siminti, da wasu bokitai da gindinsu ya tsage. Na jera su a gindin katangar yamma, inda hantsi yake samunsu sosai, in rana ta karkata kuma katangar ta yi musu inuwa.

Mata sun fi yi mini tambaya a kansa tun tsakiyar 2024, lokacin da kayan miya suka yi tashin gwauron zabi har mai kayan gwari yana ƙirga miki attaruhu ɗaya-ɗaya. Gaskiya ne yana rage kuɗin cefane. Ni dai abin da ya riƙe ni a kansa ƙamshi ne. Mun saba ɗaukar barkono a matsayin abin da za a zuba a ji raɗaɗi a baki, shi ke nan, alhali kowane iri da nasa ƙamshin. Kuma ƙamshin nan shi ne yake fara gudu idan barkono ya kwana a buhu cikin mota, ko aka shanya shi a gefen kwalta, ko aka niƙa shi ya yi wata da watanni a buɗaɗɗen daro a kasuwa. Zafin yana nan ko bayan shekara. Ƙamshin kuwa sai wanda aka lallaɓa.

Iri uku nake da su. Akwai attaruhu, mai kumburin nan mai nama, wanda ɗanye aka fi cin moriyarsa. Akwai shambo, dogo mai siririyar fata, zafinsa tsaka-tsaki, yana ba miya ja. Sai ƙaramin barkono, tsiduhu, wanda 'ya'yansa suke tsayawa a kan reshe suna kallon sama, shi ne na shanya da daka. Ɗan hakin da ka raina ke nan, domin guda biyu sun isa su tashi tukunya. Tattasai ba na sa shi a buhu, ya fi son fili da ruwa fiye da abin da zan iya ba shi, shi kam a kasuwar 'Yankaba nake saye.

Irin tsiduhun daga wajen Gwaggo na samo shi, ƙanwar mahaifinmu, wadda take aure a wani ƙauye kusa da Kura, yankin da ake noman rani da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974. A ƙyalle ta ƙulle mini shi. Da za ta miƙo mini ta ce, "Ke 'yar nan, in za ki ɗebi iri, ki bar shi ya nuna a jikin uwarsa har ya fara yamushewa. Wanda aka tsinka da sauran kore a jikinsa, 'ya'yansa ba sa tashi." Wannan maganar ita ce rabin noman. Ko attaruhun kasuwa za ki cire wa iri, ki zaɓi wanda ya nuna jajur, lafiyayye, ki fasa, ki baza 'ya'yan a kan takarda a inuwa su bushe.

Wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu nake yafa iri, don dashe ya zo daidai da zaman damina. Tsohon daro mai huda a ƙasa ya wadatar. Ƙasa mai laushi, a haɗa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a yafa irin, a rufe da ƙasa 'yar kaɗan, a shimfiɗa buhun algarara a kai, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa safe da yamma. Shambo da tsiduhu sukan leƙo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Attaruhu yana da nawa, yakan kai mako uku bai motsa ba, kuma a nan ne mata da yawa suke fidda rai su juye daron. Ki ƙyale shi, yana tafe. Da zarar kin ga tsiro ki ɗauke buhun, ki lulluɓe daron da tsohon gidan sauro, in ba haka ba ƙadangaru za su aske shi tas kafin azahar.

Bayan mako biyar zuwa shida, idan ya kai tsawon taƙi, sai dashe. Da la'asar sakaliya ake yi, don ya kwana cikin sanyi kafin rana ta gan shi. Tushe ɗaya a buhu ɗaya, kada ki ji tausayin sauran ki cusa uku. Ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, da ɗan yashi. Takin kuma lallai ya zama ya ruɓe ya yi baƙi, domin ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Ina huda gindin kowane buhu in ɗora shi a kan bulo, saboda zafin siminti, da kuma ruwan Agusta. Barkono ya fi mutuwa da yawan ruwa a kan ƙishirwa. In ruwa ya kwanta masa, sai ki ga ganye ya koma ɗorawa, ya yi yaushi, kina tsammanin ƙishi yake ji ki ƙara masa. Ki cusa yatsa a ƙasar tukuna, in da danshi ki bar shi.

Mu da muke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, da rani ba na zubar da ruwan wanke shinkafa ko na wanke ganye, duk nasa ne. Na wanki da na wanke-wanke mai kumfa ba sa zuwa kusa da shi. Takin zamani kuma in ya yi yawa, musamman yuriya, za ki samu ganye kore shar mai ban sha'awa, ba 'ya'ya.

Ƙwarin da suka fi damuna su ne darɓa da farin ƙuda, duk a bayan ganye suke maƙalewa. Duk safiya in na fito sai na juya ganye na duba. In na gan su, ina daka 'ya'yan darbejiya, in jiƙa su kwana, in tace, in ɗan kaɗa sabulun salo a ciki, in fesa da yamma ta ƙarƙashin ganyen. Amma tushen da ganyensa ya nannaɗe ya ƙanƙance, ya ƙi girma, wannan cuta ce da ƙwarin suke ɗaukowa, ba ta da magani. Tumɓuke shi nake yi in fitar da shi daga gidan, ko da raina bai so ba, don kada ya shafa wa sauran.

Akwai abin da yake tayar wa masu farawa hankali: fure ya cika tushe, sai ya dinga zubowa ba ya ɗaure 'ya'ya. Idan a Maris ko Afrilu ne, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ba laifinki ba ne. Furen barkono ba ya jure irin wannan zafin, attaruhu ma ya fi kowa raki. Ki ƙara masa inuwa, ki ci gaba da ba shi ruwa, zai dawo.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a saurare ni, wato shanya. A nan ake samun yaji, a nan kuma ake ɓata shi.

Wanda ya nuna a Satumba, da sauran danshin damina a iska, ba na wahalar da kaina da shanya shi, ɗanye muke ci. Ina jira iska ta juya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Allah ya hore mana busasshiyar iskar hunturu wadda take tsotse ruwa daga komai, har leɓɓanmu, kuma babu injin busarwa da ya fi ta ga mai ƙaramin ƙarfi. Da hantsi nake tsinka, bayan raɓa ta ɗauke, kuma sai wanda ya nuna gaba ɗaya. Ina tsinkowa da hancinsa, domin in aka fizge hancin an buɗe wa ruɓa ƙofa. Duk wanda yake da tabo, ko huda ta tsutsa, ko ya yi laushi, gefe yake zuwa. Guda ɗaya ruɓaɓɓe yana iya lalata faifai guda.

A kan faifai da tire nake bazawa, ba a ƙasa ba, kuma shimfiɗa ɗaya, kada wani ya hau wani. Ina ɗora su a kan benci, in rufe da yankin gidan sauro saboda ƙura da ƙuda da tsuntsaye. Tsuntsu ba ya jin zafin barkono ko kaɗan, haka Allah ya halicce shi, shi ya sa yake ci ya kai irin wani wuri. Da azahar in juya su da hannu. Kafin magariba kuma lallai su shiga ɗaki, domin raɓar dare tana mayar da aikin yini baya, ita ce kuma take sa barkono ya yi baƙi-baƙi. Tsiduhu da shambo sukan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana goma, gwargwadon iska. In sun kusa, ina mayar da su inuwar rumfa su ƙarasa a can, saboda rana in ta yi yawa tana cinye jan, ya koma fari-fari, ƙamshin ma ya bi shi.

Yadda nake gane ya bushe: in ɗauki guda in girgiza kusa da kunne, in ji 'ya'yan suna kacau-kacau a ciki. In lanƙwasa shi ya karye ƙaras. In ya lanƙwasu bai karye ba, da saura, ko da a ido ya yi kama da busasshe.

Attaruhu shi ne mai gardama. Namansa da kauri, in aka shanya shi dunƙule sai waje ya bushe ciki yana ruɓewa. Dole a tsaga shi biyu, a kwantar da shi cikinsa yana kallon sama. Ko da hakan, busasshensa ba ya kai ɗanyen ƙamshi, don haka kaɗan nake busarwa, na jefawa a miyar kuka.

Ina nanata maganar bushewa ne saboda fumfuna. Barkonon da aka adana da sauran danshi yana yin fumfuna daga ciki, kina fasa shi ki ga baƙi ko toka-toka a jikin 'ya'yan. Wasu nau'o'in fumfunar suna fitar da gubar afalatoksin, wadda take illa ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wanda ya yi hakan zubarwa ake yi, ba a kankarewa a daka. To, in an riga an niƙa shi ya zama gari, ta yaya za ki gane? Wannan ne ya sa ko zan sayi barkono a kasuwa, tsayayye nake saye, in fasa biyu ko uku a gaban mai shi. Duk wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya ga yadda ake shimfiɗa kayan miya a gefen titi, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kai. Ba na zargin manomi, kayan sun yi masa yawa, ba shi da wurin shanya, in bai yi hakan ba asara zai tafka. Amma ke da faifai biyu ne a gabanki, kina da halin yin abin da ya fi wannan. Busasshen tattasai kuwa, na Diffa da ake nomawa a bakin kogin Komadugu Yobe ya yi suna ba a banza ba. In na samu mai kyau ina saye, in jiƙa a ruwan zafi, in markaɗa da kauɗar tumatir lokacin da ɗanye ya yi tsada.

Busasshen ina zuba shi a kwalba ko roba mai murfi, a lungun da rana ba ta kaiwa. Ba na dake shi duka lokaci ɗaya. Na wata guda nake dakawa, in ya ƙare in sake, domin tsayayye ya fi riƙe ƙamshinsa.

Ranar daka ranar hantsi ce, ba iska. Ina fara baza barkonon a rana na ɗan lokaci ya ƙara ƙaras, in cire hancin, in kori yara zuwa zaure, in ɗaure hanci da baki da ɗankwali. Gishiri yake fara shiga turmi tare da barkonon, yana taimaka wa taɓarya ta kama shi. Sai in ɗiga man gyaɗa kamar rabin cokali. Wannan ɗan man shi yake kwantar da ƙurar da take sa atishawa, shi ne kuma yake fito da jan yaji ya yi kyau a ido, ba tare da an sa masa kala ba. Ga gwangwanin madara biyu na barkono, ina sa busasshiyar citta kamar yatsu uku, masoro cokali ɗaya, kanumfari 'yan ƙwayoyi, domin shi in ya yi yawa yana danne kowa, sai kimba biyu da na fasa na zubar da 'ya'yan saboda ɗaci. Tafarnuwa ita ce ta ƙarshe. Ɗanya ce, tana jiƙa garin, don haka bayan na tankaɗe da rariya sai na sake baza yajin a tire ya sha iska kafin ya shiga kwalba. Tsakin da ya rage a rariya ba a zubarwa, na farfesu ne.

Maƙwabciyata ta sha ce mini, "Maman yara, ga inji a bakin layi, me ya kai ki wannan wahalar?" Inji yana da sauri, amma yana ɗumama garin, kuma kina kai barkononki bayan an niƙa wa wata abin da ba ki sani ba. Na turmi yana da ɗan gantsi-gantsi a harshe wanda na inji ba shi da shi.

Masoro da kimbar nan da nake sawa sun girmi barkono a tukunyarmu nesa ba kusa ba. Barkono baƙo ne. Asalinsa Meziko da Kudancin Amurka, bai tsallako teku ba sai bayan tafiyar da matuƙin jirgin ruwa Kolumbus ya yi zuwa nahiyar Amurka a 1492, kuma Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka da Indiya a ƙarni na 16. Kafin nan da masoro da kimba da citta mai ƙwaya kakanninmu suke ɗumama miya. Da na faɗa wa Gwaggo haka, sai ta ce, "To ai baƙon ya zama ɗan gari." Ni kuma abin da nake gani shi ne, bai kori na gida ba, tare suke zama a turmi ɗaya, kuma yajin da babu su zafi ne tsura.

Daga wannan tushen sai a karkata inda ake so. A ƙara ƙuli-ƙuli ya zama na tsire da gurasa. A ƙara daddawa ya zama na ɗanwake da tuwo. Lokacin da ƙanwata ta haihu, ni na daka mata yajin jego, na yawaita citta da masoro da daddawa, na rage gishiri, kanwa kuma ban bari ta shiga ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da yake kama masu jego. Iyayenmu da kyakkyawar niyya suke yi, amma wannan wuri ne da ya kamata mu sassauta.

A girki kuma, ɗanyen attaruhu na fi son jajjaga shi a kan markaɗe. In aka jajjaga shi da albasa aka sa a mai, ƙamshin da yake tashi har zaure ake jinsa. In kuma ina son ƙamshin ba zafin ba, saboda yara ko surukata da ba ta son yaji sosai, sai in jefa guda ɗaya dunƙule a tukunyar dafa-duka ko farfesu, in kula kada ya fashe, in tsame shi kafin a sauke. Mutane suna cewa zafin a 'ya'yan yake. A gaskiya sinadarin da yake kawo zafin, kafsaisin, ya fi taruwa a farin naman nan na ciki da 'ya'yan suke manne da shi. Shi za ki kankare in kina son ragewa. A ma'aunin zafin barkono da wani Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912, dangin attaruhu suna kaiwa daga 100,000 zuwa 350,000, dangin shambo kuma 30,000 zuwa 50,000. Shi ya sa ba a musanya ɗaya da ɗaya a ma'auni guda.

Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. In yaro ya ci ya fara kuka, ruwa zagaya masa zafin zai yi a baki. Ki ba shi nono ko madara. In hannunki ne yake raɗaɗi bayan tsaga attaruhu, ki murza man gyaɗa tukuna, sannan ki wanke da sabulu, kuma kada ki taɓa ido ko ki ɗauki jariri kafin nan. Masu olsa kuma, ba barkono ne yake haifar da ita ba, ƙwayar cuta ce da yawan shan wasu magungunan kashe ciwo, amma yana iya tayar wa mai ita da ciwon. Maigidan yana cikinsu, shi ya sa ba na cika yaji a tukunya. Kwalba tana kan tabarma, kowa ya barbaɗa daidai bakinsa.

Akwai wata Hajiya a layinmu da ta tashi a zangon Kumasi, ita ta koya mini shito, wanda suke cin shinkafa da wake da shi a can. Ana soya albasa da yawa a mai har ta yi ja, a zuba citta da tafarnuwa da tumatirin gwangwani, sannan garin busasshen kifi da na jatan lande da garin barkono, a rage wuta, a yi ta juyawa har ya yi duhu, ruwan ya ƙone ƙaf, mai ya taso sama. Shambo nake sa masa, da tsiduhu kaɗan. In man ya rufe shi a kwalba, kuma busasshen cokali kawai yake shiga, yana daɗewa bai lalace ba. Yarana da suke makarantar kwana shi suke fara tambaya in za su koma. Ni kuwa har yau garau-garau da man gyaɗa da sabon yajin turmi, da ɗan yankan albasa a kai, shi ne abincin da ba na gajiya da shi.

In an gama tsinka kada ki tumɓuke tushen. Barkono ba ɗan shekara ɗaya ba ne, in ya samu ruwa yana kai shekara biyu zuwa uku. Wajen ƙarshen Fabrairu nake datse rassan in bar kamar taƙi ɗaya da rabi, in kwashe ƙasar saman buhun in zuba sabon taki, in ja su can cikin inuwa su wuce bazara da ɗan ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan farko yana sauka suke tofo, kuma suna riga sabon dashe yin 'ya'ya da makonni. Wadda kuma take son irinta ya tsaya yadda yake, ta nisanta buhun attaruhu da na sauran, ko ta rufe reshe ɗaya da gidan sauro tun kafin furensa ya buɗe, ta ɗebi iri daga nan, domin ƙudan zuma suna haɗa su aure.